Ruwan da ke baƙanta farar shadda

Akwai ruwan foraj da yake fitowa garai-garai, ba wari ba laka, ka leƙa kofi ka hango gindinsa. Bayan wata uku ko huɗu sai a hau shato a tarar cikinsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Bakin famfo ya yi ɓawo, shayi yana yin duhu fiye da kima, mai wanki ya zuba jabel don farar shadda ta ƙara haske amma ta fito da ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Yawanci sai a ce ai tsatsa ce, a sayi matatar yashi, a yi asarar kuɗi. Tsatsa ja ce. Wannan baƙin manganis ne, ɗan uwan ƙarfe, amma ya fi shi taurin kai nesa ba kusa ba.

Kama biyu gare shi. A ƙarƙashin ƙasa, inda ruwa ya daɗe bai ga iska ba, narkewa yake yi kamar gishiri, ba launi ba ƙura, kuma yashi mai laushin gari ma ba ya tare shi. Idan ya haɗu da abin da zai ƙone shi, wato oksijin ko kulorin ko farmanganat, sai ya koma baƙar hoda wadda ba ta narkewa. Hodar ce kaɗai ake iya tacewa. Saboda haka dukkan aikin shi ne a tilasta masa ya zama hoda a cikin matata, kafin ya je ya zama hoda a cikin tiyo da shato da tufafin mutane.

Inda aka fi tsammaninsa shi ne rijiyoyi da foraj na fadama, irin na kwarin Gulbin Maraɗi, inda laka ta binne ruɓaɓɓen ganye da saiwa. Ƙwayoyin bakteriya suna cin wannan ruɓa su ƙarar da oksijin ɗin ruwan, daga nan su koma kan baƙin manganis da ke jikin yashi su narkar da shi. Masai ko juji kusa da rijiya yana yin aiki iri ɗaya, don haka ba kullum daga dutse matsalar take ba, wani lokaci daga maƙwabta take. Foraj biyu a unguwa guda suna iya bambanta ƙwarai idan zurfinsu ba ɗaya ba ne. Sakamakon awon maƙwabcinka ba naka ba ne.

Da can ana ɗaukar abin a matsayin matsalar wanki kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta daɗe tana kan miligiram 0.4 a lita, amma a 2022 ta sa ma'auni na wucin gadi na 0.08, saboda abin da aka gani game da ƙwaƙwalwar yara, musamman jariran da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan. Jikin babba yana fitar da rarar manganis ta hanyar hanta da matsarmama, na jariri bai ƙware ba tukuna, kuma hanjinsa ya fi tsotsewa. A Turai iyakar 0.05 ce. Tabo a tufafi yakan bayyana daga wajen 0.1, baƙin ɓawo kuwa yana iya taruwa a tiyo tun daga 0.02. Gidan da ke da jariri mai shan madarar gwangwani, ruwansu kuma ya wuce 0.08, su nemi wani ruwan da aka auna don damun madarar tun kafin a gama gina matata. Tafasawa ba ta rage shi, ƙara shi ma take yi, tunda ruwa ne ke tafiya a tururi ya bar shi a tukunya.

Kafin a je labo akwai gwaji na gida. Kankaro ɗan baƙin daga bangon shato ka sa a faranti, ka ɗiga masa ruwan oksijene na farmasi. Idan ya tashi da kumfa yana shuu, alama ce mai ƙarfi ta manganis. Ka niƙa ƙwayar bitamin C ka shafa wa tabon da ɗan ruwa, na manganis zai dushe. In kuwa ka ɗiga masa tsami ya buso warin ruɓaɓɓen ƙwai, to wannan ƙarfe ne da ya haɗu da farar wuta, maganinsa daban. Sai kuma kwalba biyu farare: ɗaya a bar ta buɗe, ɗaya a ɗiga mata jabel kaɗan. Ƙarfe zai ja launi cikin ƴan awoyi ko a buɗaɗɗiyar. Manganis ba zai motsa a buɗaɗɗiyar ba, sai a mai jabel, shi ma bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wannan duk nuni ne, ba ya ba da lamba, kuma ba a tsara matata sai da lamba. A sa a auna manganis, ƙarfe, pH (ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 7 tsami ne), amoniyam da fuluwor. Na ƙarshen ba shi da alaƙa da baƙin ruwa, amma duk ɗan yankin nan ya san abin da fuluwor ya yi wa ƙasusuwa da haƙoran yaran Tibiri, kuma matatar manganis ba ta taɓa shi ko kaɗan. Iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Wajen ɗibar ruwan awo ake yawan yin kuskure. A bar famfo ya yi aiki minti 15 zuwa 20, a ɗiba a bakin foraj, ba daga shato ba. A nemi labo ta ba da kwalbar da aka riga aka ɗiga wa asid nitirik. In ba haka ba, ruwan zai yini a bayan babur cikin rana, wani kason ƙarfen ya daskare ya manne a jikin kwalba ya ja manganis tare da shi, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Shi pH a wurin ake auna shi nan take, don yana hawa da zarar ruwa ya sha iska. A auna da rani, a sake bayan damina.

Dabarar da kowa ya sani ita ce a watsa ruwa a iska ya zubo ta kan tire masu huji, sannan a bi da shi ta yashi. Ga ƙarfe tana aiki: a pH 7 zuwa 7.5 cikin minti kaɗan ya zama tsatsa. Manganis a wannan pH ɗin zai iya yin makonni yana kallon iska. Sai an kai pH wajen 9.5 kafin iska ita kaɗai ta ƙone shi da sauri, ruwan sha kuwa ba a kai shi can. Jabel ma ita kaɗai a cikin tanki jinkiri gare ta in pH bai kai 8 zuwa 8.5 ba. Abin da ke faruwa sai ya fi muni: an zuba jabel, manganis ya ratsa matata a narke, sai ya je ya daskare a shato da layin tiyo, daidai inda ba a so.

Abin da ke kama shi da gaske shi ne ɗan uwansa da ya riga ya baƙanta. Ƙwayar yashin da baƙin manganis ya lulluɓe tana jan narkakken manganis ta riƙe a jikinta cikin minti kaɗan, ko a pH 7. Idan akwai ɗan kulorin a ruwan da ke ratsawa, sai ya ƙone wanda aka riƙe ya mai da shi sabon lulluɓi, shi ma ya ci gaba da kama na baya. Shi ya sa tsohuwar matata mai baƙin yashi ta fi sabuwa aiki. Shi ya sa kuma babban ɓarna ne ma'aikaci ya buɗe matata, ya ga yashi ya yi baƙi ƙirin, ya ce ya yi datti, ya kwashe ya zuba sabo fari. Ya zubar da maganin ke nan ya bar cutar.

Ana sayar da irin wannan yashi a shirye. Akwai girinsan, wanda aka lulluɓe da baƙin manganis, yana son pH 6.2 zuwa 8.5 da kulorin ko farmanganat a kai a kai. Akwai pirolusit, shi dutsen manganis ne tsantsa da aka niƙa, irin ma'adinin da ake haƙowa a Mowanda ta Gabon. Yana da ƙarko amma nauyi gare shi sosai. Akwai Birm, mara nauyi, da oksijin ɗin ruwa yake aiki, ba ya son kulorin mai yawa, kuma ga manganis yana buƙatar pH wajen 8. A ganina shi ne aka fi saya bisa kuskure, saboda arha da sauƙinsa, a ɗora shi kan ruwa mai pH 6.5 a yi ta jiran abin da ba zai zo ba.

A ɗauki misali don lissafi ya fito fili. Foraj mai pano yana ba da mita kubik 2 a awa, wato tano goma, awa 8 a yini, jimla mita kubik 16. A ce awo ya nuna ƙarfe miligiram 1.5 a lita, manganis 0.6, pH 6.9, babu amoniyam. Kowane miligiram na ƙarfe yana cin kulorin 0.64, na manganis yana cin 1.3. Ƙarfen zai ci 0.96, manganis 0.78, a ƙara 0.5 da ake so ya rage bayan matata, ya kama wajen giram 2.3 a kowace mita kubik, giram 37 a yini. In garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, giram 55 ke nan. In jabel ce mai digiri 12, wadda lita ɗaya ke ɗauke da wajen giram 38, lita guda a yini. Amma jabel ɗin da ta yi watan Afrilu a shagon kwano ba ta da ƙarfin da aka rubuta a jikinta. A haɗa ruwan magani na mako ɗaya kawai, a ajiye a inuwa cikin bido mai duhu.

Da farmanganat, wannan mai launin shuɗi-ja da ake wanke salati da miki da shi, lissafin 0.94 ne ga ƙarfe, 1.92 ga manganis. A misalinmu giram 2.6 a mita kubik, giram 41 a yini. In an fara watsa ruwan a iska aka cire ƙarfen, sai ya sauko giram 18, don haka tire masu huji ba su zama banza ba, rage kuɗin magani suke yi, kuma suna korar iskar kabon su ɗan ɗaga pH. Ana narka giram 10 a lita ɗaya ta ruwa. Farmanganat ya fi jabel sauri, kuma amoniyam ba ya cinye shi, alhali miligiram ɗaya na amoniyam yana iya lashe kulorin 8 zuwa 10 ya bar manganis ba a taɓa shi ba. Aibinsa shi ne in ya yi yawa ruwa ya fito ruwan hoda a famfo, kuma shi kansa manganis ne, ka ƙara abin da kake son cirewa. Ƙa'idar ido ita ce a ga ɗan ruwan hoda kaɗan a saman yashi, a mafita kuwa fari tas. Kada garinsa ya haɗu da mai, giliserin, asid ko garin kulorin a ɗakin ajiya, wuta yake tayarwa.

Famfon pano yana da wata matsala tasa. Da hantsi ruwa kaɗan yake turowa, da tsakar rana ya cika tiyo, da la'asar ya sake sanyi. In injin ɗiga magani yana ɗiga abu ɗaya yini zubur, da safe ruwa zai yi ruwan hoda, da azahar manganis ya wuce. Mafita biyu ce: ko a sa injin da gudun ruwa ke tuƙa shi irin Dosatron, ko a fara tara ruwan a tanki a sako shi zuwa matata da gudu tsayayye, a ɗiga maganin a nan. Wani tarkon kuma yana wajen awon kulorin da ƙwayar DPD, wadda ke yin ja in akwai kulorin a ruwa. Baƙin manganis da ragowar farmanganat su ma suna mai da ita ja, sai a ɗauka akwai kulorin alhali babu. A auna a ruwan da ya riga ya fita daga matata.

Girman matata daga gudun ruwa ake fitar da shi. Girinsan yana ɗaukar mita 5 zuwa 12 a awa. A mita 10, ruwan mita kubik 2 yana buƙatar faɗin murabba'in mita 0.2, wato tulu mai faɗin baki santimita 50. A ƙasa tsakuwa santimita 15 zuwa 20 a jere daga manya zuwa ƙanana, sai girinsan santimita 70, lita 140 ke nan, sai a bar fili a sama kusan rabin zurfin yashin. Tsayin tulun zai kai wajen mita ɗaya da kwata, don haka tanon roba na lita 200, mai tsayin da bai kai mita ba, ya yi gajarta ga wannan gudu. Sabon girinsan ana fara wanke ƙurarsa, sannan a jiƙa shi ya kwana cikin farmanganat giram 2 zuwa 4 ga kowace lita ta yashi, a ɗauraye har launin ya ɗauke.

Inda yawancin matatu ke mutuwa shi ne wajen wanki. Hodar da aka kama tana toshe saman yashi, dole a turo ruwa daga ƙasa zuwa sama da ƙarfin da zai ɗaga yashin ya kumbura kamar kashi 40 cikin ɗari. Girinsan yana son wajen mita 30 a awa. A tulunmu mita kubik 6 ke nan a awa, ninki uku na abin da foraj ɗin yake bayarwa, tsawon minti 10, ruwa mita kubik guda. Pirolusit ninki biyu na wannan yake nema. Mai haɗa aikin da bai yi wannan lissafi ba sai ya juya ban kawai ya mai da ruwan foraj ta ƙasa, ruwa ya ɗan yi baƙi a mafita, a ce an wanke. Yashin bai motsa ba. Wata shida sai laka ta dunƙule a ciki kamar curin fura, ruwa ya fasa wa kansa hanya ta gefe ɗaya yana wucewa ba tare da ya taɓa yashi ba. Ko dai a sa famfon wanki daban, ko a sauko da tacaccen ruwa daga shato mai tsayi ta tiyo mai kauri, ko a raba aikin ga ƙananan tuluna uku a riƙa wanke ɗaya bayan ɗaya da dukkan ruwan. A sa agogon matsi kafin matata da bayanta. Bambanci ya kai bar 0.5 zuwa 0.7 a agogon, a wanke. Ko bai kai ba kada a wuce kwana biyu in ruwan mai ƙarfe ne. Bayan wanki a zubar da ruwan minti 3 zuwa 5 na farko.

Ga ƙauyen da sayen magani kowane wata zai yi wa nauyi, akwai hanyar da ba ta buƙatar komai sai iska da haƙuri. Wasu bakteriya suna ƙone manganis da kansu su shafe yashi da baƙinsa. Ana watsa ruwa ya sha iska sosai, a bi da shi ta yashi mai kaurin ƙwaya wajen milimita ɗaya, zurfin mita ɗaya ko fiye, pH ya haura 7.3 zuwa 7.5. In ya gaza, shimfiɗar tsakuwar farar ƙasa kafin yashi tana ɗaga shi. Suna da jerin gwano: ƙarfe ya fara fita, amoniyam ya bi, manganis shi ne auta, ba ya fara raguwa sai amoniyam ya kusa ƙarewa. Nunar matatar tana ɗaukar makonni, wani lokaci wata biyu zuwa uku, kuma a nan mutane ke karaya su fasa. Bokiti ɗaya ko biyu na baƙin yashi daga tsohuwar matata mai aiki yana gajarta jiran, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara. A wannan tsari kulorin bayan matata ake sa shi, wanki ma da ruwa marar kulorin, kuma yashin kada ya bushe. Gida ɗaya zai iya yin ƙaramarsa a tano, da roba mai huji a sama, yashi santimita 60, mafita a ɗage ta yadda ruwa zai riƙa rufe yashin kullum.

Lalam ba ya cire narkakken manganis, saukar da pH ma yake yi. Ƙwayar zogale, duk da albarkarta a Jiratawa, laka take kwantarwa. Gawayi da matatar zare ta kwalba su ma ba sa cire shi. Kanwa tana ɗaga pH amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga gishiri, ba abin dogaro ba ce a ruwan sha. Masu ƙulla ruwan leda da ke da injin osmos, shi yana tare narkakken manganis, sai dai in hodar ta kai ga fatar injin toshe ta take yi, a sauya ta kafin lokacinta. A sauke shi ƙasa da 0.05 kafin ya shiga. Masu lambu da tiyon ɗigo su ma ya shafe su: daga 0.1 ramukan ke fara toshewa, ya wuce 1.5 kuwa abin ya yi tsanani. Tafkin da ruwa zai kwanta da matatar yashi kafin layi sun fi yawan tsokanar ramuka da allura.

Ruwan datti na masana'anta ko wurin haƙar ma'adini, inda manganis ke kai gomman miligiram, lissafinsa daban ne tunda ba sha za a yi ba. Nan lasho ake damawa a zuba har pH ya kai 9.5 zuwa 10, a hura iska, a bari ya kwanta, sannan a sauko da pH ɗin ƙasa da 9 kafin a saki. A takarda giram 1.35 na lasho ne ga giram ɗaya na manganis, a aikace ya fi haka saboda tsamin ruwan da sauran ƙarafa suna ci, don haka a jera kwalabe biyar a gwada ma'auni daban-daban kafin a zuba a tanki. In akwai alminiyam a ruwan a yi zango biyu, a fara cire shi da ƙarfe a pH wajen 7, domin a pH mai tsawo sake narkewa yake yi. A gari irin namu kuwa, baƙin garin da ke cikin matattun pil na tocila da rediyo manganis ne. Jefa su a masai ko a kududdufi sa shi ne daidai inda babu iska.

Ruwan wankin matata shi ma ruwan datti ne, mita kubik guda duk wanki a misalinmu. A gina masa kwarmin siminti mai ɗaukar wanki biyu, ya kwana ya kwanta, a janye na sama a ba bishiyoyi. Baƙar lakar a kwashe ta a shanya a kan siminti ta bushe ƙayau, sannan a kai ta tudu, nesa da rijiya da inda ruwan damina ke taruwa. In aka tura ta cikin rami mai dausayi tare da shara da kashin dabbobi, bakteriyar da suka narkar da ita tun farko suna nan, za su sake narkar da ita ta gangara ta koma ruwan da foraj ɗin yake zuƙowa.